Lagon Zance

Winnipeg, ƙarfe sha ɗaya na dare,
dusar ƙanƙara ta binne motoci har wuya.
Halyna Prokopchuk na zaune a kicin
da fensir, da agogo, da shayin da ya huce.
Kwana tara ya rage mata
ta zauna jarrabawar shiga makarantar lauyoyi.

Tambaya ta sha bakwai.
Wani magajin gari ya ce,
"Tun da muka kafa fitilu a bakin kogi
sata ta ragu da rabi.
Ashe fitila ce maganin ɓarawo."
Wanne cikin biyar ɗin nan, in gaskiya ne,
zai fi raunana maganarsa?

Na farko ya ce magajin garin mashayi ne.
Ta yi murmushi, ta soke shi.
Mashayi ma yakan faɗi daidai,
zagin mai zance ba ya taɓa jikin zance.
Na biyu ya ce fitilun sun yi tsada.
Ana ga yaƙi, yana ga ƙura.
Na uku ya zo da taushin murya kamar ɗan gida,
wai a garin maƙwabta ma an kafa, sata ta ragu.
A'a, kai ginshiƙi ne, gatari ake nema.
Irinsa ya kayar da ita makon jiya, har sau biyu.

Malaminta, tsoho Desrosiers mai yawan tari,
yakan ƙwanƙwasa allo da murfin biro:
"Kada ki yi musu da hujja, karɓe ta yadda ta zo.
Tsakanin hujja da hukunci akwai gada
wadda mai zance ya haye bai ambata ba.
Shiga ƙarƙashinta,
nemo katakon da ya ruɓe."

Na huɗu gajere ne, ba ado:
a watan da aka kunna fitilun
aka buɗe ofishin 'yan sanda a bakin kogin.
Nan lagon yake.
Zakara ya yi cara, gari ya waye,
amma ba carar ce ta jawo rana ba.
Ta leƙa na biyar don sauke nauyi,
ta dawo ta zagaye na huɗu.
Minti ɗaya da daƙiƙa ashirin.

Sai ga takun silifa.
Ostap ne, mahaifinta, barci ya sake ƙaurace masa.
Ya buɗe kabad, ya ɗauko kwalbar tumatir ta ƙarshe,
mai rubutun matarsa a kan murfi.
Ya ce, "Shekara uku ke nan lambun bai yi ba.
Irin bai canja ba, ƙasar ba ta canja ba.
Tun da uwarki ta rasu tumatir ya ƙi.
Hannunta ne, Halya.
Hannunta shukar ta sani."

Fensirin na hannunta.
Ta taga tana hango benen nan mai hawa shida
wanda aka gama a bazarar da suka yi jana'iza,
mai tare wa bayan gida rana
daga hantsi har la'asar sakaliya.
Ga amsa ta huɗu, gajera, ba ado,
ta hauro mata har bakin haƙora.

Ta dubi babban yatsansa
yana bin haruffan murfin a hankali.
Ba wanda ya tambaye ta wanne zai raunana.
Wannan ba a ɗora mata agogo ba.

Ta ce, "Zauna, Tato, in ɗumama shayi."
Ya zauna, ya leƙa takardar.
"Kin ci wannan?"
"Na ci."
"Yaya ake ganewa?"
"Ana neman abin da mutum bai faɗa ba."

Ya jinjina kai, ya daɗe yana duban taga,
benen yake kallo ko dusar, ba ta sani ba.
Can ya ce, kamar da kwalbar yake magana,
"Bana zan gwada shukawa ta gaban gida."

Buta ta fara kuka.
Ta juya shafi.
Tambaya ta sha takwas.