Yakuwa a Ɗakin Gilashi

Sun ce mini wannan ce bazara.
Na yi dariya daga cikin riguna uku.
Bazarar da na sani tana gasa dutse,
tana kora kare ƙarƙashin rumbu.
Wannan kuwa taɓo ce da yayyafi,
da rana mai leƙowa kamar mai bin bashi,
ta ga ba kowa a gida, ta juya.

Asabar, ƙarfe tara, a Sheffield,
bayan tsohuwar masana'antar wuƙaƙe,
mu goma sha ɗaya a ƙofar lambun unguwa.
Maureen Ollerenshaw ke riƙe da makulli,
shekara saba'in da huɗu, gwiwa ɗaya ta ƙarfe.
Ta miƙo mini safar hannu,
duka biyun na hagu.

Gayya ce, sai dai ba makaɗi,
ba mai zuga gwani a bakin kunya,
ba ƙwaryar fura a gindin gawo.
Shayi ne a filas, da biskit da ya sha iska.

Ni da na tsere wa gonar Baba a Auyo,
na ɓuya bayan littafi shekara ashirin
don kada fartanya ta san sunana,
yau ga ni durƙushe, ba ko sisi,
ina tonon ƙasar wasu da ɗan cebur.
Da Baba zai gani
da ya cire hula ya yi fifita, bai ce uffan ba.

Ƙasar baƙa ce, tana riƙe cebur
kamar ba ta gama yarda da ni ba.
Wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji
ya sauka kan baro, ya karkata kai,
yana duba aikina kamar malamin gona.
Can gefen katanga furanni rawaya
sun buɗe baki irin na algaita, ba sauti.
Kowace shuka da ɗan allonta,
suna da Latin, da ƙasar da ta fito,
har ciyawa a nan tana da fasfo.

Yayata Uwale ta aiko irin yakuwa,
ƙulle a leda, cikin takalmin da ta saya mini.
Maureen ta ce in jira ƙarshen Mayu.
Na ce a raina: ɗan manomi za a koya wa shuka?
Na zuba su a fili farkon Afrilu.
Suka fito, na yi ta yawo da hotonsu a waya.
Dare ɗaya raɓa ta daskare.
Da safe na tarar da su kwance, baƙaƙe,
kamar ashanar da aka kashe.

Ba ta ce ai na faɗa maka ba.
Ta zuba mini shayi, ta ƙara sukari.

Ƙwaya bakwai suka rage a leda.
Linval Pryce ya juye su a tafinsa,
ya daɗe yana kallo, gilashinsa a goshi.
Ya ce kakarsa a Jamaika
tana dafa jan wannan da citta ranar Kirsimeti.
Na ce zoɓo ke nan.
Ya maimaita, ya ƙara maimaitawa,
sannan ya matsar da tukwanen barkononsa
ya ba ni taƙi biyu a ɗakin gilashi.

Huɗu suka tsiro.
Dodon koɗi marar gida ya cinye ɗaya.
Yanzu in na ajiye bas da dare
nakan biya da tocila in yi sintiri,
babban mutum da furfura a gemu
yana gadin ganye shida.

Jiya Maureen ta kawo allo fari da alƙalami,
ta ce in rubuta da kaina.
Na rubuta yakuwa. Na rubuta Auyo.
Ta karanta, ta karya shi gida uku.
Ban gyara mata ba.

Yau Litinin, hannuna a kan sitiyari,
baƙar ƙasa na nan ƙarƙashin farce.
Na wanke sau biyu.
Na uku na fasa.