Mai Wanke Sunaye

Ran Asabar nakan hau tudun nan da bokiti,
da tsohon buroshin haƙori a aljihu.
Iskar tekun Sikotland ba ta da kunya,
gishiri take shafa wa duwatsu
har haruffa su dushe.

Nakan fara da Lachlan Geddes,
ɗan masunci, shekara sha tara.
Ya sha da ƙyar a ramukan Faransa,
ya dawo gida da ƙafa ɗaya,
sai mura ta ɗauke shi kafin bazara.
Ya haye kogi, raɓa ta cinye shi.

Jikin katanga, Ishbel Rennie,
ƙanwar kakata, ma'aikaciyar jinya.
Ba kowa a ƙarƙashin dutsenta.
Jirgin asibiti ya nitse da ita,
da bandeji, da fitilar zagayen dare.
Kakata ta ce hannunta sanyi gare shi,
sai ta hura masa numfashi
kafin ta taɓa goshin mara lafiya.
Iyakar gadona ke nan. Dutse bai faɗa ba.

A Nuwamba manya kan zo da jajayen furanni,
a busa ƙaho, a yi shiru minti biyu,
a gangara shan shayi.
Ban ga laifinsu ba, akwai sanyi.

Ni dai ina kankare gansakuka daga cikin harafi,
gwiwata na kuka kamar tsohuwar ƙofa.
Jikata ta ce, "Kaka, suna jin ki?"
Na ce, riƙe min bokitin,
saura mutum bakwai, ga hadari ya haɗo.