Takarda Mai Fuskoki Biyar

A Matosinhos, kafin rana ta leƙo teku,
mu talatin da huɗu ke tsaye a layi na uku,
wuƙa a dama, kifin sadin a hagu,
ƙanƙara tana cin yatsu
har mutum ya manta suna jiki.

Shekarata ashirin da shida a nan.
Na san tarin Deolinda tun daga ƙofa.
Na san Amílcar ya yi faɗa da ɗansa
in ya dire kwando da ƙarfi
ya wuce, ba gaisuwa sai tsaki.

Sai aka kawo mana sabon manaja, Telmo,
yaro mai tsabtar farce, takalminsa bai san ruwa ba.
Ya raba takarda mai fuskoki biyar,
daga mai kuka zuwa mai dariya,
wai kowa ya zaɓi yadda yake ji da aiki.

Zulmira ta naɗe tata, ta toshe tsagar taga
inda iska ke sukar ta a wuya.
Ni na zaɓi ta tsakiya, mai leɓe a miƙe,
don ita ce ba ta jawo tambaya.
Ya tattara, ya hau bene,
ya mayar da mu zane-zane a bangon ɗaki.

Ya sa a kawo kek ranar Juma'a.
Muka ci. Kek bai yi laifi ba.
Amma wanda bai san sunanka ba,
ko zuma ya ba ka, a harshe take tsayawa,
ba ta isa ciki.

Wata Talata cikin Janairu
aka wayi gari wurin Deolinda ba kowa.
Jirgin mijinta bai dawo ba.
Ba wanda ya yi shawara da wani.
Na matsa taku ɗaya, Zulmira ta matsa,
muka rufe gurbin da kafaɗunmu,
kwandonta yana cika kamar tana nan,
don kada a zaftare mata kuɗin yini,
kuma ba wanda ya buɗe baki.

Telmo ya sauko da lissafinsa, ya tsaya.
Mutum talatin da uku, aikin talatin da huɗu.
Ya ƙirga sau biyu. Ya dubi ƙusa
inda rigar ledarta ke rataye a bushe.
Muna jiran tsawa, sai ya ce a hankali,
"Wace ce ke tsayawa a nan?"
Amílcar ya faɗa masa, da sunan mijin, da sunan jirgin,
kamar mai danna gishiri a miki.

Ya ajiye takardunsa a kan akwati.
Ya saka rigar, ta yi masa kaɗan.
Kifi na farko ya dagargaza shi,
a na huɗu ya yanke babban yatsa.
Zulmira ta ɗaure masa tana faɗa:
"Kai ɗan nan, bi ƙashin baya, ba kokawa ake yi ba!"
Muka yi dariyar da ba mu yi niyya ba,
dariya mai hawaye, mai haki.

Har aka tashi yana nan, takalmin ya jiƙe sharkaf.
Da yamma ya bi mu gidan Deolinda
da ƙarnin kifi a hannun rigarsa.
Ya sha miyar kabeji, bai yi jawabi ba,
ya miƙe ya wanke kwanoni da yatsa a naɗe,
muna kallo da mamaki.

Bayan kwana uku aka jawo jirgin,
inji ne ya mutu, mutanen da ransu.
Albashi bai ƙaru ba, kada in yi ƙarya,
ƙanƙara tana nan tana cin yatsu.
An dai gyara tagar Zulmira.
Takardar ta sake zuwa da bazara, kamfani ke so,
amma da hannunsa yake miƙa wa kowa,
yana kiran suna, yana tambayar tari.
Na sake zaɓar ta tsakiya.
A ƙasa na rubuta masa da biro:
"Har yanzu kana ɓarnar kifi.
Sauko gobe in nuna maka yadda ake aiki."