Murhu Ba Tukunya

Kafin jirgin ƙasa ya tsaga Agege da kuka
na ɗaure buhu goma sha biyu na albasa
a bayan akori-kurar Lamidi.
A gindin gada wani ya tare mu, ya yago rasit.
A ƙofar kasuwa wani ya yago nasa.
Na sayi katin waya, gwamnati ta ɗebi nata a ciki.
Ko sabulun da zan kashe warin hannuna da shi
sai da ya biya kafin ya yi kumfa.

Lamidi na tuƙi, bakinsa na gaba da mota:
"Mu ke tarawa, ku ke lashewa, Malam Tsalha.
Jiragen Apapa namu, hayaƙin namu,
cunkoson da ke cinye mana rabin rai namu.
Wata ya ƙare, a kwashe a kai Abuja,
a zauna ɗaki mai sanyi a yanka,
jihar da ta fasa kwalaben giya jiya
yau ta miƙo ƙwarya a zuba mata kuɗin giya."

Na tauna goro. Na bar shi ya huce.
Wanda ya ɗauko ka a motarsa
ba a yi masa gardama a kan gangara.

Amma da zai bi ni Kwarin Maje
da na nuna masa inda rabonmu ya sauka.
Shekarar da muka dangwala wa masu ci
aka kawo siminti, aka kafa wa gada ƙafa uku.
Zaɓe ya zagayo, jiharmu ta bi wata tuta,
katafila ta juya ƙeya ba sallama.
Har yau suna nan tsaye a tsakiyar kogi,
duwatsun murhu uku, ba tukunya.
Ƙanwata Dela a kwalekwale ta haihu,
tsakanin ƙafa ta biyu da ta uku.
Yaron yanzu yana aji huɗu.

Tsallaken iyaka kuwa, tafiyar rabin yini,
gwamnansu na cin tuwo da masu ludayi.
Kwalta ta kai har bakin turken awaki,
fitilu na haska wa jakuna hanya da dare.
Ruwan sama ɗaya ke dukanmu da su.

A Ojota mota ta tsaya cik.
Lamidi ya kashe inji, ya sassauta murya.
Ya ce shi ma ya san wannan yunwar:
lokacin da Ikko ta ɓata da masu rabo
aka ɗaure bakin jaka,
uwarsa na sharar titi a ƙaramar hukuma,
wata da watanni tsintsiya ce kawai ke shigowa gida.
"To ka gani," na ce. Ban ƙara ba.

Muka sayi burodi da wake ta taga,
ya karya, ya ba ni ɓangaren da ya fi girma.

Ni dai ga abin da ke hana ni barci.
A Ikko nake biya, a gida aka ƙidaya ni.
Gumina na wannan jiha, sunana na waccan,
kuɗin ya tafi Abuja neman hanyar dawowa
ya tarar ana tambayarsa katin jam'iyya.

Aka saki hanya. Lamidi ya tada mota,
ya ce, "Albasar nan taku ta cika tsada."
Na ce, "A kan mutum ta haye kogi."
Bai ce komai ba har Ketu.
Can gaba wani ya ɗaga hannu,
littafin rasit na kaɗawa a iska,
na soma laluben aljihu.