Sallama Uku

Ƙarfe biyun dare a Willenhall,
garin maƙeran makullai,
hannun injin ya tsaya cak
da kwaɗo a bakinsa, bai kai ba, bai ajiye ba.

Na tuɓe safar hannu, na jona kwamfuta.
Uwar na'ura ta aika saƙo ta siririyar waya:
juya kaza, tsaya nan.
A wutsiyar saƙon akwai ɗan lissafi,
shaidar ba a ci amana a hanya ba.
Mai juya hannun ya ƙirga, lissafi bai fita ba,
ya yi gum.

Kafin ƙiftawar ido ta sake aikawa.
Shiru.
Ta sake.
Daga nan ta ja birki, ta kunna jar fitila,
yadda Goggo Lantana ta koya mana a ƙofar mutane:
sallama uku, in ba a amsa ba,
juya, kada ka kutsa.

Pritchard ya ce in mayar da ita goma mu wuce wurin.
Na ce masa yawan kira ba ya maganin hayaniya.

Na bi wayar da rarrafe.
Can bayan injin walda na same ta,
rigarta a kwance, tana shan surutun maƙwabta.
Kusa ɗaya na ɗaure.
Hannu ya sauke kwaɗonsa a hankali.

Da asuba, a tashar bas, na duba wayata:
kiran Yaya Gambo, sau uku, tun Talata.
Bai ƙara ba.