Juyin Mulki a Gindin Maje

Ran da suka kashe maraƙin Hamajoda
ban ce uffan ba.
Ina kallon kunnen maraƙi, ya tashi kamar masa,
shi yana kallon amyata.
Ya ce, "Cindo, ko ka sauke ta,
ko jandarma su sauke ka."

Amya ta bakwai, ta katako, a gindin maje,
bayan layin dogo, can ƙarshen Ngaundal.
Mata masu zuwa rafi sun sake hanya.
Ko direban jirgin Yawunde, in ji yara,
rufe taga yake in ya kawo nan.
Amma fa zuma! Jarka biyu duk shekara,
baƙa, mai kauri, mai kama maƙogwaro.
Ita ta biya wa Tasalla kuɗin lakwal,
ita ta ɗora kwano a kan ɗakina.

Sabuwar ta zo daga Ngaundere
a aljihun kwandasta,
cikin kejin da bai fi kwalin ashana ba,
ita da barori huɗu,
an toshe ƙofa da curin sukari.
Jaka biyar na biya.
Na kara kunne, tsit.
Na ce, wannan ce za ta riƙe gari?

Da hantsi, mayaƙa sun tafi kiwon fure,
na ɗaure bakin wando da igiyar rama,
na hura busasshen kashin shanu a gwangwani.
Hayaƙi bai ba su haƙuri ba.
Suka zubo mini kamar ƙanƙara a kan kwano,
ɗaya ta gano inda ɓera ya huda ragar fuskata.
Da ido ɗaya na ƙarasa aikin.

Saƙa ta fari, zuma.
Ta biyu, ƙwai tsaye kamar tsinken shinkafa.
Sai a ta tara na gan ta.

Dodo na zata.
Ashe tsohuwa ce, doguwa, fiffike a yage,
tana tafe sannu
kamar mai neman takalminta bayan an watse.
Ta hau babban yatsana. Ba ta harbe ni ba.
Duk wutar nan da ta haifa,
ita ko ɗumi babu.

Na yi bisimilla.
Ban sani ba ko ana yi wa irin wannan.
Ƙas.
Ko ƙarar ɓare gyaɗa bai kai ba.

Daren nan amya ta kwana kuka.
Wanda bai taɓa jin marayun zuma ba
ba zai gane ba:
wani dogon nishi ne ta cikin katako.

Wanshekare na rataye baƙuwa tsakanin saƙa biyu.
Suka yi mata caa, suna gatsar waya,
so suke su dafa ta da zafin jikinsu.
Sukari ya shiga tsakani.
Kwana huɗu suna lasa ta waje, ana lasa ta ciki,
kafin hanya ta ɓulle
ƙanshinta ya riga ta zaga gari.

Hali bai tashi ranar ba.
'Ya'yan tsohuwa suka yi ta harbi
har suka ƙare ɗaya-ɗaya a bakin ƙofa,
tururuwa na ja.
Sati shida. Bakwai.

Yanzu Tasalla kan ɗaga murfi hannu tsirara.
Mata sun dawo tsohuwar hanya.
Hamajoda ya karɓi kwalba, mun gaisa.

Bana jarka ɗaya, ita ma ba ta cika ba.
Shekaranjiya da dare dage ya zo,
ya wuce ta uku, ya wuce ta huɗu,
ya tsaya a ta bakwai,
inda da ko inuwarta ba ya takawa,
ya ɓalle katako, ya ci, ya lashe baki.

Tsohuwar tana nan a kwalin ashana
bisa taga. Ta bushe, ta naɗe.
Tasalla ta ce in yar.
Na ce gobe.