Ƙarfe Tara a Kutaisi

Baƙin akwatin nan da ke saman firji,
mai ido huɗu, uku a tsaye, ɗaya na ƙiftawa,
shi ne ƙofar gidanmu ta gaskiya.
Ta katakon ba mai bugawa sai mai karanta mita.

Mu huɗu ne, ƙofa ɗaya.
Tornike na ɗaki yana harbin mutanen da bai taɓa gani ba.
Tamta na sauke laccar da ba za ta saurara ba.
Mahaifiyata ta kunna fim tun magariba,
ta yi barci ta bar shi yana wa kujeru hira.
In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Ƙarfe tara Lamara ke kira daga Atina,
bayan ta kwantar da tsohuwar da take jinya,
ta wanke hannu, ta zauna a bakin gadon da ba nata ba.
Shekara shida ke nan.
Sai ta ce, "Gocha, yau na..."
fuskarta ta daskare, baki a buɗe,
ta farfashe kamar tayil ɗin banɗaki.
Sauran maganar na can a layi,
bayan harsasan Tornike.

Daren Laraba na sa tabarau,
na juya rautar, na kwafi lambobin da ke gindinta.
Shafi ya buɗe, jerin sunaye
kamar marasa lafiya a bencin asibiti.
Ya tambaye ni: wa zai fara shiga?
Ban taɓa zaton na'ura za ta yi mini wannan tambaya ba.

Na ja tsohuwar wayata mai tsagaggen gilashi,
na kai ta sama.
Karatun Tamta na biye.
Fim ɗin Mama ya bi bayansu, ba za ta sani ba.
Yaƙin Tornike na tura shi can ƙasa,
na ce sojoji su koyi haƙuri.

Da safe ya fito fuska a murtuke:
"Baba, an kashe ni sau tara jiya!"
Na ce, "Ga ka kuwa kana cin burodi."

Ƙarfe tara ta yi.
Murya ta zo tiryan-tiryan, ko gargada babu.
Na ji ƙarar cokali a kofinta.
Na ga labulen bayanta, ashe shuɗi ne.

Na ga furfurar da ba ta tafi da ita ba.
Na ga bandeji a wuyan hannunta na dama,
wanda hazon allo ya daɗe yana rufa mata asiri.
Ta lura da inda idona ya tsaya,
ta ja hannun riga a hankali.

"Yau layin ya yi kyau," in ji ta.
Na ce, "Ya yi."
Muka yi shiru,
shirun ma ya iso bai yanke ba.